Matakala Biyu da Suka Ɗaure Gidan Madam Philomise

Akwai wata maƙwabciyata a arewacin birnin Miami na Amurka, Madam Philomise Dorcely, wadda aka fara zalunta ranar Talata, 14 ga Maris, 2023. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, ba na wasa da kwanan wata.

Wilguens Exantus, ɗan kwangila ɗan cocinmu, shi ya sake mata rufin gida. Ya gama tun 18 ga Nuwamba, 2022. Rufin na yoyo a kan gadonta, sai ta riƙe cikon kuɗinsa har ya gyara. Ya ce shi ba ya maimaita aiki.

Doka ta ba magini kwana casa'in daga ranar aikinsa na ƙarshe ya yi rajistar bashinsa a kan gida. Wilguens ya yi sakaci, wa'adin ya wuce.

A waccan Talatar tana asibiti, ya shigo ya zuba matakala biyu na siminti a ƙofar baya. Ba wanda ya sa shi. Da ta dawo ta ɗauka sulhu ya zo nema, har ta zubo masa shinkafa da wake.

"Mama, ai tsakaninmu ba ta ɓaci," in ji shi, yana suɗe cokali.

Bayan sati uku ya yi rajistar, ya rubuta cewa ranar matakalar ce aikinsa na ƙarshe.

Lokacin ta riga ta sami mai sayen gidan, za ta koma wajen 'yarta a jihar Jojiya, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Mai saye ya ga bashi a kan takardar gida, ya janye. Na biyu ma haka. Wata takwas tana kwana tsakanin akwatunan da ta ɗaure, da bokiti a gefen gado. Ta roƙi Wilguens a ƙofar coci, ya ce ta biya ko ta tsufa a ciki.

Daga ƙarshe ta kai ƙara kotu, alƙali ya tambaye shi takardar da ta ba shi izinin yin matakalar. Ya ce ai har abinci ta ba shi.

"Abinci ba sa hannu ba ne," in ji alƙali.

Aka ƙirga daga Nuwamba, aka soke rajistar, aka ɗora masa kuɗin lauyanta.

Ta tafi Jojiya, amma a keken guragu. Wata takwas ɗin nan ba kotun da za ta mayar mata.

Wilguens, har yau kana zama a layin gaba a coci ranar Lahadi. Ka miƙe a gaban jama'a, ka ambaci sunanta cikakke, ka nemi gafararta. Ba ta waya ba.

Darasi: Aikin da ba a sa ka ba ba ya dawo maka da wa'adin da ka yi wasa da shi, kuma wanda ya ci tuwon tsohuwa ya kafa mata tarko, shi zai faɗa ciki. Ku tura wa duk mai gida da duk magini, har ya isa wayar Wilguens.