Ba Za Mu Ɓata Ba

An ce wai a wani gari an yi wani mai unguwa, sunansa Tukur, wanda ya shekara goma sha tara yana raba gardama a zaurensa. Ya raba rikicin gado da na iyakar fili, ya sasanta maƙwabta a kan kwata da kan ɓarnar akuya, bai taɓa cewa ya gaji ba. Abu ɗaya ne ya ishe shi, wato ƙarar masu gida da masu gyaran famfo. A shekara guda an kawo masa goma sha ɗaya, kuma kowacce in aka bi sawunta sai a tarar daga magana ɗaya ta faro: "Ba za mu ɓata ba."

Ta goma sha biyu ita ce ta Alhaji Rabe, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, da Sallau mai famfo.

Wata ranar Lahadi bututun da ke ƙarƙashin tayil ɗin banɗakin Alhaji Rabe ya fashe. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin daɓe ya ɓullo a falo, ya jiƙa shimfiɗa, ya haura bango kamu biyu. A ranar kuma masai ya toshe, tankin sama yana ta ambaliya don abin da ke tsayar da ruwa in ya cika ya lalace. Matar Alhaji, Hajiya Talatu, ta wuni tana kai yara gidan maƙwabta da buta a hannu. Da yamma ta gaya masa cewa in gari ya waye ba a kira mai gyara ba, za ta kwashe su su koma gidan yayanta sai an gama.

Da safe aka kira Sallau. Ya zaga gidan, ya ƙwanƙwasa tayil, ya hau kan tanki ya sauko, ya faɗi kayan da za a saya. Alhaji ya tambaye shi kuɗin aiki, amma a bakin leɓe, kamar mai tambayar lafiyar wanda bai damu da shi ba.

Sallau ya ce, "Haba Alhaji, ni da kai? A sayo kaya kawai. Ba za mu ɓata ba."

Alhaji ya ce, "Haka ne kuwa. Ba za mu ɓata ba."

Kowannensu ya juya yana ganin shi ya ci riba. Sallau ya dubi motoci biyu a ƙofar gida, ya ga in ya yanka farashi yanzu zai iya yanka wa kansa ƙasa da abin da gidan zai iya bayarwa. Alhaji kuwa ya ga in aiki ya ƙare ruwa ya tsaya, ba mai sauran abin da zai matsa masa da shi. Dukansu suka sa wa wannan lissafi suna kunya.

Alhaji ya je kasuwa da kansa ya sayo bututu shida, da gwiwoyin haɗi, da gam, da kan famfo biyu, da kwalin tayil, da siminti. Ya kashe naira dubu arba'in da biyu, kuma ba abin da ya ɗauka bai nemi ragi ba, har gwiwar naira ɗari biyar. Sallau ya yi kwana huɗu yana aiki. Ya fasa daɓe ya sauya bututu, ya buɗe toshewar masai, ya gyara tanki, ya ɗaura famfo, ya mayar da tayil yadda ba za a gane an taɓa shi ba. Ran Juma'a bayan an sauko ya zo karɓar haƙƙinsa, ya ce dubu casa'in. Alhaji ya ce dubu ashirin da biyar.

Abin da ya biyo baya maƙwabta sun ji shi ta kan katanga. Ƙarshensa Alhaji ya sa aka kulle akwatin kayan aikin Sallau, wanda bai riga ya ɗauke daga gidan ba, a ɗakin zaure, ya ce ba zai fito ba sai mai shi ya dawo hayyacinsa. Ya kuma faɗa a majalisar ƙofar masallaci cewa Sallau macuci ne. Kwana goma akwatin yana kulle. Mai famfo ba sifana ba guduma ba ya iya karɓar ko gyaran kan famfo, kuma gidaje biyu da suka yi masa magana a baya sun kira wani. Ran Litinin Sallau ya kai ƙara.

Mai unguwa Tukur ya saurare su. Alhaji ya ce bai taɓa jin inda kuɗin aiki ya ninka kuɗin kaya ba, kuma shi da yake tsaye a rumfa tun safe har magariba ba ya samun dubu casa'in a kwana huɗu. Sallau ya ce kaya ba su haɗa kansu, kuma ranar da ya shiga ƙazanta har gwiwa Alhaji na tsaye daga nesa ya toshe hanci da bakin riga. Mai unguwa ya tambaye su nawa suka yanka kafin a fara. Tun kafin su amsa ya ce kada su wahalar da kansu, ya san abin da suka ce, don ya ji shi sau goma sha ɗaya a bana.

Ya ce, "Kai Alhaji, ba a taɓa fita da turmin atamfa daga rumfarka ba a yi ciniki ba. Kai Sallau, ko shayi ka tsaya sha sai ka tambayi nawa kofi. Amma aikin kwana huɗu a cikin bangon gida, shi ne kuka ga ya dace a yi shi da murmushi. Kun ce ba za ku ɓata ba, ga shi kun ɓata, kun kuma zo kun ɓata mini safiya."

Ya ce gani ya kori ji, don haka ba zai yanke komai ba sai ran Alhamis, a cikin gidan Alhaji, inda aikin yake.

Washegari Talata ya aika aka kira Sallau shi kaɗai. Ba kowa a zauren sai ladanin unguwa, Malam Ilu, yana gefe yana jan carbi. Mai unguwa ya ce maganar shari'a tana nan sai ranarta, wata tambaya ce daban yake da ita. Akwai wani gida a unguwar nan, in ji shi, mai kan famfo biyu na sauyawa, da tanki mai ambaliya, da masai da ba ya wucewa, sai kuma bututu a ƙarƙashin banɗaki da za a fasa a sauya a mayar da tayil. Kaya na mai gida ne. Ya ƙara da cewa ya san akwai masu gyara biyu a bakin kasuwa da ke zaune ba aiki, amma yana so ya ji daga bakin Sallau tukuna, in shi aka ba, nawa zai yi.

Kwana goma sha ɗaya ba aiki kan rage wa mutum gani. Sallau bai tsaya tunanin inda ya taɓa ganin irin wannan gida ba, tunaninsa na kan wanda zai ara masa kayan aiki. Ya lissafa da yatsu. Famfo biyu dubu uku. Tanki dubu biyar. Toshewa dubu goma sha biyu, don aikin ƙazanta ne. Bututun ƙasa dubu ashirin, mayar da tayil dubu biyar. Duka dubu arba'in da biyar, kuma ya ce ko a gaban wa zai maimaita, don ba cuta a ciki, ba kuma faɗuwa. Mai unguwa ya ce ya ji, zai neme shi.

Ran Alhamis da hantsi suka hallara a gidan Alhaji Rabe, har da Malam Ilu. Mai unguwa ya shiga banɗaki ya murɗa famfo, ya ja ruwan masai, ya taka tayil, ya shafa bangon falo ya ji ya bushe. Ya tambayi Alhaji ko akwai inda aikin ya yi aibi. Alhaji ya ce aiki kam ba laifi, farashi ne na zalunci. Mai unguwa ya tambaye shi yadda ake yi a kasuwa in mutum ya ɗauki atamfa ba a yanka kuɗi ba, daga baya aka kasa daidaitawa. Alhaji ya gyara zaman hula, ya ce wannan ai ko yaro ya sani: ba ciniki, mai kaya ya ɗauki kayansa, mai kuɗi ya riƙe kuɗinsa. Mai unguwa ya tambaya ko ya yarda wannan adalci ne. Ya ce shi ne adalcin da ya shekara talatin yana yi.

Mai unguwa ya ce, "To, da shi za mu yi. A buɗe akwatin Sallau. Bututu da tayil naka ne, Alhaji, ba mai taɓa maka ko ɗaya. Aiki na Sallau ne, zai ɗauki abinsa. Sallau, fasa daɓen, kwance duk abin da ka haɗa, ka jera wa Alhaji kayansa a tsakar gida. Riƙe kuɗinka, Alhaji, ba ka da bashin kowa."

Aka fito da akwatin. Sallau ya ɗauki guduma da kurfi, ya durƙusa, ya ɗora bakin kurfin a tsakanin tayil biyu. Daga bayan labule aka ji Hajiya Talatu tana ce wa yara su ɗauko jakunkunansu.

Alhaji ya ce a dakata, zai ba da dubu arba'in. Mai unguwa ya ce ai ba ciniki ake yi ba, hukuncin kasuwa ake zartarwa. Sallau ya ɗaga guduma. Alhaji ya ce hamsin. Guduma ta sauka sau ɗaya, a hankali, siminti ya ɗan yi ƙura.

Alhaji ya ce, "Sittin! Ranka ya daɗe, sittin, kuma yanzu. A ce masa ya ajiye gudumar nan."

Mai unguwa ya ɗaga hannu, Sallau ya ajiye. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, fuskarsa ta saki, ya ce shi dai casa'in ya ce, amma don darajar mai unguwa zai duba. Mai unguwa ya ce kada ya wahalar da kansa da dubawa, an riga an duba shekaranjiya. Ya nemi Malam Ilu ya maimaita abin da ya ji ran Talata. Ladan ya jero shi ɗaya bayan ɗaya, daga dubu uku na famfo har dubu biyar na tayil, ya rufe da arba'in da biyar. Sallau ya ce ai wancan wani gida ne daban.

Mai unguwa ya ce, "Na ce maka wani gida a unguwar nan. Ga famfo biyun, ga tankin, ga masan, ga bututun a ƙarƙashin ƙafarka. Daga ƙarshe na faro na koma farko, shi ke nan ka kasa gane aikin hannunka. Da kana tsoron a ba wani, arba'in da biyar ne, ba cuta ba faɗuwa. Da ka ga aiki ya gama shiga bango, ya zama casa'in. Kai kuma Alhaji, da ruwa ya tsaya ashirin da biyar ne, da ka hango shi zai dawo ya zama sittin. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ku biyun kun san ta tun ran Litinin ɗin farko, kowa ya ɓoye tasa yana jiran ɗan'uwansa ya shiga hannu."

Sannan ya yanke. Alhaji zai biya sittin ɗin da ya faɗa da bakinsa, Sallau zai karɓi arba'in da biyar ɗin da ya faɗa da nasa. Dubu goma sha biyar da ke tsakani za a sayi kaya da su a gyara famfon alwala na masallacin unguwa, wanda ya wata bakwai yana ɗiga. Kuɗin kayan shi ne tarar Alhaji na kulle wa mutum abin neman abincinsa, aikin kuma Sallau zai yi shi kyauta, tarar ninka farashi. Kuma a majalisar da Alhaji ya kira shi macuci, a nan zai faɗa cewa ya ga aikin ba aibi.

Alhaji ya shiga ya fito da kuɗin, ya ƙirga sau biyu. Sallau ya karɓa, ya ɗauki akwatinsa. Da suka fito ƙofar gida mai unguwa ya tsayar da shi, ya ce famfon tsakar gidansa shi ma yana ɗiga, nawa zai sauya masa kai. Sallau ya buɗe baki, har ya ce "Haba ranka ya daɗe, ni da kai," sai ya ga irin kallon da ake yi masa. Ya haɗiye sauran, ya ce dubu ɗaya da ɗari biyar, ban da kuɗin kaya. Mai unguwa ya ce ya zo gobe da hantsi.

An ce mako uku bayan haka aka kawo masa ƙara ta goma sha uku, wani malamin makaranta da wani mai ɗora tanki. Tun ba su zauna ba ya tambaye su nawa suka yanka. Suka dubi juna. Ya sa aka ɗauko masa guduma.

Shi ya sa dattawan unguwar kan ce wa duk wanda zai kira mai gyara: farashin da aka faɗa kafin aiki ciniki ne, wanda aka bari sai bayan aiki shari'a ce.