Haladu da Folda Mai Suna Tarkace

An yi wani bawan Allah a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba. Haladu ake ce masa, mai gyaran kwamfuta ne, rumfarsa ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ranar da za a rufe tafsirin azumi, an idar da la'asar ke nan, sai ga sakataren masallacin Juma'a, Alhaji Garzali, ya faɗo rumfar da gudu, hula a karkace, kwamfutar masallaci a hammata.

"Malam Haladu, ka cece mu! Ta ƙi ɗaukar murya, wai ta cika. Malam ya ce bana ne tafsirinsa na ƙarshe, tsufa ya zo. Nan da rabin awa zai zauna!"

Ku saurara, jama'a. Haladu bai ruɗe ba. Ya yi bisimilla, ya buɗe, ya duba.

"Alhaji, rumbun ajiyar kwamfutarku ƙarami ne. Babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutar ita kaɗai ta cinye kusan rabinsa. Kuma duk sanda ta sabunta kanta, sai ta jibge tsofaffin kayanta a lungu, ba ta zubarwa."

"Ni ba karatu na zo ɗauka ba! Wancan babban fa, mene ne?"

Wata folda ce, giga ashirin, an rubuta mata suna Tarkace.

"Alhamdu lillahi, ta ma faɗi sunanta da kanta. Goge!"

"Wa ya ajiye ta?"

"Oho!"

"To bari mu ji."

Haladu ya danna fayil ɗaya. Sai muryar wata tsohuwa tana jan Ƙul'a'uzu, ta kakare, ta koma baya, ta sake kakarewa, wasu mata suna mata dariya.

Alhaji ya yi tsaki. "Tsofaffin nan ne na ajin ranar Alhamis. Malamarsu ke aron kwamfutar tana naɗar karatunsu. Duk gyara ne a ciki. Goge, ni na ba ka izini."

Ku saurara, nan ne jarrabawar. Dannawa ɗaya, aiki ya ƙare, babban mutum ya gode masa, kuma ba tsohuwar da za ta san hannun da ya goge. Dannawa ɗaya!

Haladu ya ce, "Alhaji, ka yi mini afuwa. Kwamfutar taku ce, amma muryar tasu ce. Ba ni na ajiye ba, ba kai ka ajiye ba. Akwai wata hanya, ta fi tsawo kaɗan."

"Tsawo? Kai wane irin mutum ne? In Malam ya fara ba mu naɗa ba, daga kan mumbari zan sa a ambaci sunanka!"

Haladu ya juya kan kwamfutar. Ya sa ta share tsofaffin kayan manhajar. Layi ya fara tafiya a kan allon kamar hawainiya. Alhaji ya fita, ya dawo, ya duba agogo, ya sake fita. Can Haladu ya leƙa kwandon shara na cikin kwamfutar, sai ya yi murmushi.

"Alhaji, yaushe rabonku da zubar da wannan?"

"Zubarwa kuma? Ai in mun goge abu, ya tafi."

"Bai tafi ba. Tsakar gida kuke sharewa kuna tarawa bayan ƙofa. Shekara uku! Waɗannan dai ku kuka goge su da hannunku. In zubar?"

"Zubar, don girman Allah!"

Suna cikin haka, fayil na gaba a foldar Tarkace ya kunna kansa. Wata murya ta yi gyaran murya ta ce, "Ni ce Tabawa. Malama, kada ki bari Garzali ya ji. Ranar Sallah nake so in zaunar da shi in biya masa izu guda da ka, in ga yadda zai yi da bakin nan nasa."

Ta ja Sabbi tiryan-tiryan, ba tuntuɓe.

Alhaji ya zauna daɓas a kan benci. "Inna ce! Wallahi Inna ce! Ita da take ce mini gidan Goggo take zuwa duk Alhamis!" Yana dariya hawaye na bin gemu. "Shekara saba'in da biyar, Malam Haladu! Ni kuma na ce tarkace!"

"To ranar Sallah sai ka yi kamar ba ka ji ba. Ga kwamfutarka, giga talatin sun fito. Ka hanzarta."

Ya isa masallaci alaramma yana buɗe baki zai ja aya. Aka naɗi tafsirin Malam har addu'ar rufewa, karatun tsofaffi kuma yana nan, ko harafi bai ɓata ba.

Jama'a, darasin a fili yake. Abin da ba kai ka ajiye ba amana ne, ko da an rubuta masa tarkace a goshi, kuma gaggawa ba ta halatta maka shi. In wuri ya yi maka kaɗan, a waya ne, a ɗaki ne, a zuciya ne, fara da taka sharar. Nawa ne a cikinmu ke cewa na yafe, na goge, alhali abin yana kwando shekara uku? Ka je gida ka zubar yau, ka ga irin filin da za ka samu. Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana.