Tandar Hajiya Zuliha

Akwai wani dattijo a Enugu, Alhaji Na'Allah, dillalin albasa a kasuwar Ogbete. Mutumin kirki ne, sai dai yana da wani salon ciniki da kowa ya san shi da shi. In yana son abu, sai ya fara da kushe shi. Ya taya da farashin da ko ɗan'uwa ba zai karɓa ba, ya juya baya, ya kama tafiya a hankali yana jiran a ce, "Alhaji, dawo."

Kuma ana cewa. Har gemunsa ya yi fari ba a taɓa barinsa ya kai bakin titi ba.

Matarsa, Hajiya Zuliha, ta daɗe tana tuyar waina a wata rumfa mai koriyar ƙofa a bayan kasuwa. Mutanen gari Mama Masa suke ce mata. Bayan rasuwarta mai filin ya rushe rumfar ya gina shaguna. Ita kuma dama ba mai son a ɗauke ta hoto ba ce. Don haka ba abin da ya rage wa Alhaji sai abin da ke kansa, shi ma ya fara dushewa.

Wata rana autarsa Kamila ta shigo da waya a hannu, ta zauna kusa da shi ta nuna masa. Shafin wani gidan sayar da zanen fenti ne a cikin gari, an sa hoton wani zane. A jikin zanen ga koriyar ƙofar, ga tanda a kan murhu, ga mayafin nan nata ruwan ɗorawa a rataye jikin ƙusa. Babu mutum ko ɗaya, amma sai ka rantse mai rumfar ta zaga baya ne ɗebo ruwa.

Kamila ta ce nan take za a iya dannawa a biya, a kawo har gida. Alhaji ya ce shi ba ya sayen abin da bai tsaya a kansa ba. Suka hau keke napep suka tafi.

Gidan fari ne tas, ga sanyi, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar an zo dubiya. Da Alhaji ya tsaya gaban zanen sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Kamila na ganin haka ta san an shiga matsala, domin gwargwadon son da mahaifinta ke wa abu, gwargwadon zagin da abin zai sha.

Ya gyara murya. Da harshen Ibo ya yi magana, don kada wani ya ce bai ji ba. Ya ce fentin ya yi kauri, ƙofar ta yi duhu, tandar kuma a karkace take, da gani ɗan koyo ne ya yi. Sannan ya taya.

Matar da ke tsaye a gefe, da fenti a ƙumbunanta, ita ce ta zana. Sunanta Nkiruka. Ta saurare shi har ƙarshe, ta nuna masa takardar farashi da ke ƙasan zanen, ta yi masa godiyar zuwa.

Alhaji ya juya ya kama tafiyarsa ta gado. A bakin ƙofa ya tsaya gyara takalmin da lafiyarsa ƙalau. Ba wanda ya kira shi.

A cikin keke ya ce wa Kamila, "Salonsu ne. Gobe za su nemo mu."

"Baba, ko lambarmu ba su karɓa ba."

"Mai neman Na'Allah a Enugu hancinsa zai kawo shi."

Washegari Kamila ta buɗe shafin. An sa jan ɗigo a gefen zanen, alamar an sayar. Wani ne daga Fatakwal ya biya ta waya, bai ko tambayi ragi ba. Alhaji ya ce to a faɗa musu su kawo wani irinsa.

Ta ce, "Baba, ba buhun albasa ba ne da wata mota za ta kawo jibi. Guda ɗaya ne."

Ranar bai je kasuwa ba. Albasa ta yi haƙuri da rashinsa. Da hantsi ya sa babbar riga ya koma gidan zanen shi kaɗai. Ya gaishe da Nkiruka gaisuwar manya, ya ce ba ciniki ya kawo shi ba, kujera kawai yake roƙo ya zauna ya kalli zanen kafin a naɗe shi.

Ya daɗe a zaune. Sannan ya ce, "'Yata, tandar nan daidai kika zana ta. Murhun ne ya karye ta gefe ɗaya. Ni na ce mata zan gyara. Rumfar matata ce."

Nkiruka ta ce da jiya ya faɗi haka, da ba wanda zai saya sai shi. Yanzu kam an biya, ba ta da ikon janyewa. Alhaji ya ce ya sani, shi ma ɗan kasuwa ne.

Ta shiga ciki ta fito da wani guntun kwali. Ta ce tun tana ɗaliba take zuwa cin waina a rumfar, kuma a kan wannan kwalin ta fara zana wurin da gawayi. Mama Masa ta karɓa ta duba, ta yi dariya, ta ƙara mata waina. A gefen kwalin akwai tabon mai, shaidar babban yatsa, ya fito ɓaro-ɓaro.

Alhaji ya gane yatsan.

Ya tambayi nawa ne, kuma waɗanda suka san shi za su so su ji cewa a shirye yake ya biya duk abin da aka faɗa. Nkiruka ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, na iyalin Mama Masa ne. Bakin da ya saba da tayi ya koma addu'a.

Kwalin yana falonsa yanzu a cikin gilashi. Kwanaki wani abokinsa ya ce ai wannan bayan kwalin taliya ne. Har yau Alhaji ba ya amsa gaisuwarsa da kyau.

Darasi: Ba kowane abu ake samu da kushe ba, kuma ba a kowace ƙofa ake kiran mutum ya dawo ba. In kana son abu, ko kana son mutum, faɗi gaskiyar zuciyarka tun yana gabanka. Ku tura wa wanda kuka san yana ɓoye ƙaunarsa a bayan kushe, tun jan ɗigo bai hau ba.