Mai Zanen da Bai Iya Cewa A'a ba

Akwai wani mutum mai suna Abdul-Samad, haifaffen zangon Kumasi, da yake zaune a Silver Spring tare da matarsa Hasna da 'yarsu Ajara. Mai zane ne, kuma Allah ya ba shi hannu. In ya zana kasuwa sai ka ji kamar hayaniyarta na shiga kunnenka. In ya zana rafi, kamar ka tsoma ƙafa.

Da ya zo Amurka tuƙin motar kai kaya ya fara yi, zane kuwa sai ranar hutu, a kan teburin cin abinci. Sannu a hankali mutane suka san shi. Wannan ya saya ya rataye a falo, baƙo ya gani ya nemi lambar waya. A shekarar 2013 ya ajiye tuƙi, ya ce daga yau da fenti da buroshi zai ciyar da iyalinsa.

Sai dai wanda ya bar albashi, tsoro yakan bi shi har gado. Abdul-Samad ya sa wa ransa cewa duk ranar da bai fita ba, wani ya ɗauke masa rabonsa.

Saboda haka babu kasuwar da ba ya ci. Asabar yana rumfa a bakin titi cikin Washington, Lahadi yana wani bikin al'adu a Baltimore. Kullum sai ya ɗora sabon hoto a Facebook da Instagram. Ko loma na hannunsa, in saƙo ya shigo sai ya ajiye ta ya amsa. Duk wanda ya kawo oda, karɓa yake yi. In mutum ya ɗan yamutsa fuska a kan farashi, nan take ya karya masa, don kada ya tafi wurin wani.

Aiki ya yi yawa, amma gidan bai canza ba. Abin da ya canza shi ne Abdul-Samad ɗin kansa: ya rame, ya zama mai saurin fushi, zanensa kuma ya fara kama da juna.

Wata rana da zafi, a wani biki cikin Silver Spring, yana magana da Hasna a waya sai ya ji murya a bayansa.

"Ikon Allah. Hausa nake ji a nan?"

Ya juya ya ga wani tsoho a keken marasa lafiya, wata mace na tura shi. Sunan tsohon Baba Choji, tsohon malamin makaranta ne daga wani ƙauye kusa da Jos. Matar kuwa 'yarsa ce Selina, ma'aikaciyar jinya, ita ta kawo shi Amurka neman magani. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo irin ta gida, tsohon na yi masa dariyar Hausar Kumasi, shi ma yana mamakin ta mutanen Filato.

Baba Choji ya daɗe yana kallon zanukan. Kafin su tafi ya roƙi Abdul-Samad ya zo gidansu a Mitchellville, yana da aikin da zai ba shi.

Da ya je, tsohon ya zaunar da shi kusa da gadonsa. Ya ce likitoci sun hana shi doguwar tafiya, kuma shi ya san abin da hakan ke nufi, ba sai an fassara masa ba. Ba shi da hoton ƙauyensu ko ɗaya, amma komai na nan a kansa. Ya shiga faɗa: manyan duwatsun da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu, shingen ƙerana da ya kewaye gidaje, gonakin acca, kududdufin da masu haƙar kuza suka bari, da 'yar hanyar da ke gangarawa zuwa coci.

Abdul-Samad na saurare yana ja da fensir. Da ya nuna masa, tsohon ya sa yatsa a kan wani dutse ya ce a matsar da shi hagu kaɗan, don a gindinsa mahaifiyarsa take shanya acca.

"Ɗana," in ji shi, "ina so in riƙa buɗe ido ina ganin gida. Yaushe zan samu?"

"Kafin sanyi ya shigo, Baba, in Allah ya yarda."

Da gaske ya faɗa, har cikin zuciyarsa. Ya koma gida ya shimfiɗa kalar sararin sama a kan ƙyallen zanen, ya jingina shi a bango don ya bushe.

Washegari wata oda ta shigo, mai ita na gaggawa. Bayanta wata. Ga bukukuwan ƙarshen zafi sun jeru, kowanne yana ganin in ya rasa shi ya yi asara. Zanen Baba Choji na buƙatar natsuwa, shi kuwa natsuwar ce ba shi da ita. Wasu zanukan suka zo suka jingina a gabansa har suka rufe shi.

Selina ta kira, ya ce saura kaɗan. Ganyen itatuwa ya yi ja ya fara zuba, ta sake kira, ya ce ya kusa. Daga baya in ya ga lambarta sai ya kife wayar.

Hasna ta yi masa magana. Ta ce, "Baban Ajara, ka ajiye komai ka gama wa tsohon nan aikinsa. Sauran za su iya jira, shi ban sani ba."

Ya ce mata ba ta san kasuwa ba. Mutane da yawa na bin shafinsa, in ya ɓace mako guda za su manta da shi. Ba zai rufe rumfa saboda zane ɗaya ba. Hasna ta ci gaba da shirin tafiya aikinta na kula da tsofaffi.

Tun kafin lokacin wuyan hannunsa na dama ya fara ciwo. Yakan ɗaure shi da bandeji, ya haɗiyi ƙwaya, ya ci gaba. Wata safiya cikin sanyi ya ɗauki buroshi, yatsunsa suka ƙi riƙewa. Buroshin ya faɗi ƙasa. Ya sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Ko kofin shayi ya gagare shi.

Likita ya duba ya ce jijiyar hannun ta kumbura saboda aikin da ba hutu. Ya ce ko dai ya ajiye buroshi na wasu watanni, ko kuma ya shirya ajiye shi gaba ɗaya.

Haka Abdul-Samad ya zauna a gida, hannu a ɗaure. Masu oda suka yi ta kira, wasu da haƙuri, wasu da faɗa. Shafin da yake tsoron bari na mako guda ya yi shiru, duniya kuma ba ta tashi ba.

Yana gyara ɗakin aikinsa da hannun hagu ne ya kai ga zanen da ke can baya. Sararin sama kawai, shuɗi, babu dutse ko ɗaya. Ya tsaya yana kallo. Sannan ya ɗauki waya ya kira Selina don ya ba ta haƙuri, ya faɗa mata gaskiyar halin da yake ciki.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce Baba ya rasu makon da ya wuce, har an yi jana'iza.

Abdul-Samad ya nemi kujera ya zauna. Da ƙyar ya yi mata ta'aziyya. Bai so ya tambaya ba, amma bakinsa ya riga shi: ko Baba ya yi maganar zanen?



"Ya sa na cire agogon da ke bangon da yake fuskanta," in ji Selina. "Ya ce a bar wurin haka, mai zanen nan na zuwa. Har ya tafi bangon nan babu komai."

Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Kwanaki ya yi ba ya iya cin abinci sosai. Hasna ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Abin da ta ce kawai shi ne, alkawari ba ya mutuwa don mai shi ya mutu.

Da hannun ya fara sauƙi, likita ya yarje masa ɗan lokaci kaɗan kowace safiya. Duk wannan lokacin ya ba wa zanen Baba Choji. Yakan kashe waya, ya sa dutse ɗaya, ya tsaya. Gobe ya sa shinge. Rabonsa da ya yi aiki a hankali haka tun yana zane a teburin cin abinci. Da ya gama, shi da kansa ya san bai taɓa yin kamarsa ba.

Sanyi ya wuce, itatuwa sun fara toho, ya kai zanen Mitchellville, Hasna na riƙe da gefe ɗaya. Ranar ta dace da taron addu'a da 'yan Filato mazauna yankin suka shirya don tunawa da marigayin. Falon cike yake.

Da aka cire takardar da aka naɗe shi da ita, kowa ya zuba masa ido. Selina ta matso, ta kai hannu kusa da dutsen hagu ba tare da ta taɓa ba, hawaye na zuba. Wani dattijo ya cire gilashinsa ya ce wannan ai hanyar garinsu ce. Wata ta ce a irin wannan kududdufin ta koyi wanki.

Nan take aka kewaye Abdul-Samad. Wannan na so a yi masa irinsa, waccan na so biyu, ɗaya don ɗan'uwanta a Texas. Da a da ne, da ya amsa wa kowa kafin ya numfasa. Ya ji kalmar "to" ta zo har bakinsa. Ya dubi hannunsa, ya dubi bangon, ya ce su yi haƙuri, ba zai iya ba. Ya ce hannu ɗaya gare shi, kuma ya riga ya ga abin da alkawarin da ya fi ƙarfin mutum yake jawowa.

Bayan an watse Selina ta zaunar da su. Ta ce a asibiti ta sha ganin ma'aikaciyar da ke karɓar kowane aikin ƙari, ba ta hutawa, kuma ita ce wata rana take kuskuren magani. Sannan ta tambaye shi ko ya taɓa tunanin buga kwafin zanensa a kan takarda mai kyau, ya sa hannu a kowanne. Ta ce zanen nata ne yanzu, amma ta ba shi izini. Baba zai so mutanensa su riƙa ganin gida.

Akwai wani wurin buga hotuna a Beltsville, can ya kai. Kwafin zanen ya shiga gidajen mutanen Filato a jihohi da dama, ba tare da ya sake ɗaga buroshi a kansa ba.

Daga nan ya sake tsarin sana'arsa. Ya zaɓi zanukansa mafi kyau ya buga su, don mai ƙaramin ƙarfi ya samu na saye, na asali kuma ya daina karya farashinsu. Ya bar bin kowace kasuwa, ya riƙe 'yan kaɗan da ya ga masu saye na gaske ke zuwa. Hasna ta karɓi amsa saƙonni, a lokaci ɗaya da suka ware kowace rana. Shi kuma ya shiga kiran waɗanda suka taɓa saye a wurinsa, ba don talla ba, don gaisuwa da jin yadda zanen ya zauna a gidansu. Ya yi mamakin yadda da yawansu suka dawo, kowa da wanda ya jawo.

Ya rage ɗora hotuna, amma duk wanda ya ɗora sai ya rubuta labarin wurin a ƙasa. Ranar Juma'a kuwa ba ya taɓa fenti. Daga masallaci sai gida, ya ɗauko Ajara daga makaranta.

Cikin shekaru biyu cinikinsa ya wuce na lokacin da yake gudu ba tsayawa. Hannun bai koma kamar da ba. In sanyi ya tsananta har yanzu yakan tuna masa.

Wata rana wani mai shirin buɗe babban gidan abinci a Washington ya zo. Yana so a cika masa bango da zanuka na asali kafin ranar buɗewa, ranar kuwa ta matso. Aiki ne da kowane mai zane zai yi mafarkinsa. Abdul-Samad ya faɗa masa gaskiya: akwai mutanen da ke gabansa a layi, ba zai iya kammalawa a wannan lokacin ba. In zai jira zuwa bazara, ko ya karɓi na bugawa yanzu, bismillah.

Mutumin ya ɓata rai, ya ce bai taɓa ganin wanda arziki ke bi yana gudu ba. Ya fita, bai kuma dawo ba.

Abdul-Samad ya daɗe a tsaye bakin taga yana kallon motar har ta ɓace. Abin ya taɓa shi, ba zai ɓoye ba. Hasna ta tambaye shi ko yana nadama.

Ya girgiza kai.

"Gara ya tafi yau da fushina," in ji shi, "da ya zauna yana jirana."

Darasi: Sana'a ba ta girma da yawan gudu, tana girma ne da amana. Kada tsoron rasa kwastoma ya sa ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka, don wanda ya ce "to" ga kowa, wata rana zai saɓa wa wanda ya fi cancanta. Ka kula da waɗanda suka riga suka yarda da kai, ka san darajar aikinka, ka ba jikinka haƙƙinsa tun bai karɓa da ƙarfi ba. In ka san wani mai sana'ar hannu da ya manta rabonsa da hutu, tura masa wannan labarin, wataƙila ya same shi a kan lokaci.