Shaidar Karen Nomau

An ce wai a wani gari na gindin dutse an yi wani tsohon maharbi, Nomau, wanda mutanensa suka ƙare, ya rage daga shi sai karensa Duna. Duk damina, da ciyawa ta yi fure, sai ƙaiƙayi ya kama karen. Ya yi ta susa har gashi ya zube, fata ta tsage.

Wani baƙo ya koya wa Nomau ya daka ganyen wiwi a man kaɗanya ya shafa wa karen. Nomau ya shuka ganyen a cikin gidansa, yana haɗa maganin. Duna ya samu barci, yana kwance a inuwar tsamiya, ƙafafunsa na motsi a hankali, yana bin barewar da ba wanda ke gani sai shi.

Maƙwabta, waɗanda ba su taɓa jin kukan karen ba, suka hango ganyen ta kan danga. Aka kai Nomau gaban Alƙali Sambo. Hukuncin mashayi kuwa kora ce daga gari.

Mai unguwa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, sha yake yi! Wa ya taɓa yi wa kare noma?"

Nomau ya ce, "Ni goro ma ya fi ƙarfin haƙorana. In an kore ni, a ina za mu kwanta?"

Alƙali ya daɗe yana kallon karen daga nesa, sannan ya ce, "Mai ƙara ba shi da shaida, wanda ake ƙara kuma shaidarsa ba ya magana. Amma jiki magayi. A shafa wa karen nan man mai ganye a hagu, zallan man kaɗanya a dama, a ɗaure masa baki kada ya lasa. Ku dawo bayan kwana bakwai."

Ran na bakwai aka kawo Duna. Ya zauna tsakiyar zaure, ya lumshe ido kamar mai tuna wani daji, ya ɗaga ƙafa ya shiga susar dama. Hagu kuwa ta bushe, har gashi ya fara tsirowa.

Alƙali ya ce, "Mai unguwa, ko kana da tambaya ga shaida?"

Aka sallami ƙarar. Nomau ya kwance wa karensa baki, suka koma gida.

Ɗan Adam yana iya rantsuwa a kan abin da bai gani ba, amma ba mai susa inda ba ya masa ƙaiƙayi.