Suhaibu da Giwar da Ba Ta San Makka Ba

Akwai wani bawan Allah a unguwar Rusaifa ta birnin Makka, sunansa Suhaibu, amma kowa Abu Talal yake kiransa. Kakansa ne ya tako daga ƙasar Hausa ya sauke farali ya ƙi komawa. Shi kuwa a nan aka haife shi, a nan ya buɗe shagon labule da kafet.

Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa. Ciwonsa guda ne: gani yake darajar da Allah ya yi wa Makka rabawa aka yi gida-gida, kuma kasonsa ya fi na maƙwabta. In ka yaba shayin da ya dafa, sai ya ce, "Hannun ɗan Makka ne." In ya tsallake titi mota ba ta kwashe shi ba, nan ma Makka ce.

Matarsa Nuriyya ba ta da yawan magana, amma in ta saki guda ɗaya sai mutum ya kwana yana juya ta. Wata rana ƙawarta ta turo mata hotuna ta WhatsApp daga tsibirin Sri Lanka: daji kore shar, ruwa na zubowa daga kan dutse, jirgin ƙasa na ratsa gajimare.

Ta miƙa wa mijinta wayar ta ce, "Abu Talal, tunda ka aure ni iyakar tafiyarmu Ɗa'if. Ni ma ina son in ga ruwan saman da ya wuce na ɓata gilashin mota."

Ya ce, "Halas, Ummu Talal. Alhazai na watsewa za mu tafi."

Da ya kai labari majalisar ƙofar shagonsa, amininsa Tsoho, wani Basakkwace mai tuƙa bas a tashar Kudai, ya ajiye kofin shayi.

"Kai, Abu Talal! Ƙasar ga fa cike take da giwaye, sake suke kamar awaki."

Suhaibu ya gyara zaman jan hiraminsa. "Giwa? Ya shaihu, ka san tarihi kuwa? Tun shekarar da aka zo da giwa za a rushe Ɗakin Allah, ta durƙusa ta ƙi gaba, har yau jikokinta in suka ji ƙanshin ɗan Makka gwiwa suke kaiwa ƙasa. Abin a jininsu yake."

"Ka taɓa ganin giwa ido da ido?"

"A talabijin. Ita ma sai da ta sunkuyar da kai."

Aka yi dariya aka tashi. Da maganar ta tsaya a Rusaifa, da ba wanda ta cuta.

Suka sauka tsibirin. Nuriyya ta zama wata sabuwar mace. Ta hau gadar igiya tana leƙa ƙasa, ta shiga kwale-kwalen roba ruwa na wujijjiga su tana dariya har da hawaye. Suhaibu kuwa cikin farar jallabiyarsa mai guga yake tsayawa a bakin gaɓa riƙe da jakarta. Wai ba tsoro ba ne, kawai bai kamata a ga ɗan Makka a jiƙe ba. Ranar da matsattsaku ya maƙale masa a ƙauri, ihun da ya yi sai da birai suka sauya bishiya.

Direban da ke yawo da su sunansa Nawfar, Musulmi ne ɗan ƙasar. Ya taɓa aikin tuƙi a Jidda, don haka yana jin irin Larabcin nan na kasuwa. Shi ne ya roƙe su wata rana.

"Mudir, maigida, ƙauyenmu ƙarib, nan kusa yake. Mutane miskin, ba su taɓa ganin baƙo daga Makka ba. Ku zo ku ci abinci, baraka."

Ai kuwa aka taɓo Suhaibu inda yake masa ƙaiƙayi.

Ƙauyen na gefen daji, gonakin ayaba sun kewaye shi. Aka shimfiɗa tabarma a harabar masallaci, aka kawo shinkafa da miyar kwakwa mai yajin da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Tsofaffi na shafa hannunsa suna shafawa a fuska. Suhaibu ya ji kansa ya kai girman tukunya.

Ana cikin hira wani ya ambaci giwa. Nuriyya, da ke zaune can gefe cikin mata, ta ga bakin mijinta ya fara motsi, ta ce a ranta, shi ke nan.

Ya zuba musu labarin nan na majalisa, har da ƙari. A wannan karon giwar ba a talabijin take ba, a gabansa ta durƙusa, kuma sai da ya ce mata "tashi, na yafe" sannan ta miƙe. Nawfar yana fassarawa cikin harshensu, yana ƙara nasa gishirin.

Sai kowa ya juyo ya zuba wa Suhaibu ido.

Wani tsoho siriri, kawun Nawfar, ya rarrafo ya riƙe hannun Suhaibu da hannu biyu, idanunsa sun ciko. Ya yi magana mai tsawo.

Nawfar ya ce, "Mudir, kawu ya ce Allah ne ya kawo ka. Akwai giwa ɗaya, namiji, mugu. Ya cinye gonakin mutane, saura ta kawu. Ayabar ta kusa nuna, ita ce abincin gidansa na shekara. Yau kai za ka tsaya masa."

Suhaibu ya ajiye lomar da ya ɗauko.

Nuriyya ta matso kamar za ta miƙa masa ruwa, ta ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Abu Talal, janye maganar nan tun ba ta yi ƙafa ba."

"Da wane bakin? Kina ganin yadda suke kallona?"

"Da bakin da ka faɗe ta."

Ya kau da kai, ya tambayi Nawfar cikin dabara, "Shi giwan nan, kullum yake zuwa? Ko yana hutu?"

"Kullu yom, mudir. Bayan la'asar. Mafi hutu, yani babu hutu, ko ran Juma'a."

A ƙa'ida samarin ƙauyen ne ke tare giwan. Suna hawa wata rumfa da aka kafa a saman tsamiya a bakin gona, su yi ta dukan garwa da gwangwani suna harba wasan wuta mai ƙara har ya juya. Amma ranar tsohon ya hana. Ya ce rashin kunya ne a kawo baƙo daga Makka sannan a tsaya ana buga masa gwangwani a ka, kamar ba a yarda da shi ba. Aka kwashe garwaye aka kai gida.

Suhaibu yana kallo aka kwashe su. Ya buɗe baki, ya dubi tsofaffin nan da ke masa murmushi, ya mayar ya rufe.

Bayan sallar la'asar aka raka shi bakin gona, aka bar shi shi kaɗai a gindin tsamiyar. Jama'a suka koma can nesa kan wata gangara, maza gaba, mata baya. Ya fesa turare har sau biyu, don kada giwan ya yi kuskuren ƙanshi.

Can sai daji ya fara ƙara, rassa na karyewa. Abin da ya fito bai yi kama da na talabijin ba ko kaɗan. Wani tudu ne mai tafiya, kunnuwa kamar ƙyauren shago.

Suhaibu ya ɗaga hannu, ya yi masa Larabci. "Assalamu alaikum. Ana min Makka, ni ɗan Makka ne."

Giwan ya tsaya. Ya sunkuyar da kai, ya kai hancinsa ƙasa.

Daga kan gangara aka ɗauki kabbara. Shi kansa Suhaibu sai da zuciyarsa ta ce, kai, ko dai gaskiya nake faɗa ban sani ba?

Ashe ƙasa giwan yake ɗiba. Ya watsa wa bayansa, ragowar ta sauka kan farar jallabiya. Sannan ya tako gaba.

"Rusaifa! Bayan masallaci!" in ji Suhaibu, ya koma Hausa. "Kakana ma a Makka aka binne shi!"

Har katin ɗan ƙasa ya zaro daga aljihu ya ɗaga sama. Giwan ya baza kunnuwa ya saki wata kururuwa da ta sa tsuntsaye suka bar dajin.

Jama'a, mutumin da ko hawa ɗaya ne sai ya jira lif, ba wanda ya ga lokacin da ya hau tsamiyar nan. An dai ga takalmi guda a ƙasa, an ga hirami rataye a reshe, an ga ƙafa biyu sun shige rumfa.

Giwan bai ko kula shi ba. Ya shinshina takalmin, ya wurgar, ya shiga gona ya fara aiki. Ya kama itacen ayaba ya tuge kamar mai cire ciyawa, ya ɓare ya ci, ya taka na gefe, ya wuce na gaba.

Daga sama Suhaibu yana ganin komai. Yana ganin nonnan ayaba kore-kore suna zubewa. Yana kuma hango tsohon can kan gangara ya zube zaune, ya ɗora hannu biyu a ka. Duk da haka ba wanda ya motsa. Jira suke, wai ko baƙon Makka wata dabara yake haɗawa daga sama.

A nan ne abin ya soke shi. In ya yi shiru, zai iya saukowa daga baya ya ce giwan kurma ne, ko ba jikan waccan ba ne. Amma kafin nan gonar ta ƙare.

Ya leƙo da kai ya ƙwala kira, "Nawfar! Ƙarya nake yi! Ku kawo garwaye!"

Iska ta kwashe rabin maganar. Nawfar ya kafa hannu a kunne. "Esh, mudir? Me ka ce? A kawo shayi?"

"Kazzab! Ni maƙaryaci ne! Labule nake sayarwa! Ku kawo gwangwani!"

Sai da ya maimaita da Larabci, ya maimaita da Hausa, har dajin ma ya amsa masa.

Allah ya sa Nuriyya ba ta jira fassara ba. Tun lokacin da ta ga an ɗaga katin ɗan ƙasa ta ja matan ƙauyen da hannu suka nufi madafa. Sai ga su sun fito da murafen tukwane da faranti, ita ce a gaba, ta tattare abaya tana dukan tire da ludayi. Samari suka biyo da garwaye da wasan wuta. Giwan ya ji ƙarar da ya saba, ya ɗauki wani nonon ayaba na guzuri, ya koma daji a natse.

Kusan rabin gonar ya tafi.

Suhaibu ya sauko da ƙyar, ƙafa ɗaya ba takalmi, jallabiya ta koma ruwan ƙasa. Samarin suka kewaye shi suna huci, ba sai an fassara ba. Ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, ka yafe mini. Garin nan da nake taƙama da shi, ban ƙara masa ko tsakuwa ba. Haihuwata kawai aka yi a ciki."

Wani saurayi ya ɗaga murya, ya nuna tsamiyar, ya nuna Suhaibu.

Sai Nuriyya ta ajiye tire ta ce, "Nawfar, gaya musu su yi haƙuri. Mijina ɗan Makka ne na asali, bai saɓa al'ada ba. Ai ranar da waccan giwar ta zo, mutanen gari kan duwatsu suka gudu, suka bar Ɗaki da Mai shi. Shi dai bai samu dutse ba ne ya hau bishiya."

Nawfar ya fassara. Tsohon ya dubi gonarsa, ya dubi tsamiyar, ya dubi ƙafar da ba takalmi. Kafaɗarsa ta fara rawa, sai dariya ta ƙwace masa har yana tari. Da ya huta ya faɗi hukuncinsa: tunda baƙo ya iya hawa haka, to ya yafe, amma rumfar nan tasa ce har a sare ayabar da ta rage.

Haka sauran hutun ya ƙare. Nuriyya da matar Nawfar suna can suna yawon ganin gonakin shayi da magangarar ruwa. Abu Talal kuwa da safe yana dashen 'ya'yan ayaba, bayan la'asar yana saman tsamiya rungume da garwa, yana duka da iyakar ƙarfinsa. Mutanen ƙauyen sun shaida cewa a duk tarihinsu ba a taɓa samun mai gadin da ke fara duka tun giwa bai baro gida ba sai shi.

Darasi: Darajar garinku ko gidanku ba guminka ba ce, aro aka ba ka, kada ka shiga da ita inda halinka kaɗai zai fitar da kai. Kuma in ka yi cika-baki, janye shi tun kunyar taka ce kai kaɗai, kafin ta zama asarar wani. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wancan na majalisarku da ya faɗo muku a rai tun a farkon labarin.