Kafintan da Ya Rufe Gara da Baƙin Mai

An yi wani mutum, kafinta, sana'arsa rufin kwano da gyaransa. Ba zan kama sunansa ba, ba tonon asiri ya kawo ni ba. Mutane dai suna ce masa Sha-yanzu, saboda in ya hau rufinka da hantsi, kafin azahar ya sauko yana karkaɗe wando, yoyo ya tsaya.

Ya 'yan uwa, kada ku ɗauka bai iya aiki ba. Da jahili ne da abin ya zo da sauƙi. Mutumin nan ya san rufi kamar yunwar cikinsa. Ya san ba a buga ƙusa a kwarin kwano inda ruwa ke bi, a tudunsa ake bugawa. Ya san in za a haɗa kwano biyu dole ɗaya ya hau kan ɗaya sosai, in ba haka ba iska ta koro ruwa ta tsakaninsu. In ya ga tabo a silin ba a nan yake neman huda ba, sai ya bi katako ya yi sama, don ruwa yakan shiga ta wani wuri ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Kwanon da tsatsa ta cinye canza shi ake yi. Katakon da ruwa ya ruɓar ko gara ta ci kuwa ba shi da magani sai a cire shi a sa sabo.

Duk ya san wannan. To me ya yi da sanin?

In an kira shi gyara, sai ya tsoma tsumma a kwalta ya liƙe hudar, ko da kwanon ya gama mutuwa. Kafin ya sauko kuma sai ya matsa can wani ɓangare ya sassauta ƙusa biyu. Wai shi "barin iri" ke nan. Yakan yi dariya ya ce, "Ko manomi ba ya cinye iri." Da damina ta zagayo sai a sake aiko masa, a ba shi ruwan sanyi, a yi masa godiya, a sa masa albarka. Bayin Allah suna sa wa macucinsu albarka!

Tsohon da ya koya masa sana'a ya taɓa tare shi a hanya ya ce, "Ka ji tsoron Allah. Mutane ke kwana a ƙarƙashin abin nan."

Ya ce, "Haba Malam, wa ke hawa ya duba?"

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Tela in ya ɓata ɗinki za ka gani a jikinka. Magini in ya karkata bango idonka zai faɗa maka. Amma mai gida nawa ne ya taɓa taka tsani ya leƙa saman rufinsa? Aikin rufi amana ne tsantsa, daga mai aikin sai Ubangijinsa.

Ana nan sai wani mai gidan haya ya kira shi. Mutumin kirki ne, bai yi ƙwauro ba. Ya sayo sabon katako ya jibge a tsakar gida, ya ce duk wanda ya lalace a cire. Sha-yanzu ya shiga cikin rufin, ya je ga babban katakon da ke ɗauke da nauyin uwar ɗaki, ya danna shi da babban yatsa. Yatsan ya nutse, gari ya zubo. Gara ta gama da shi. Canza shi kuwa sai an kwance kwano, aikin kwana uku cikin zafin rana.

Sai ya ɗauko baƙin mai, irin wanda ake shafa wa katako don gudun gara, ya shafe ruɓaɓɓen tas har yana sheƙi. Ya samo guntun katako ya buga a inda ya tsage. Ya kafa sabon silin fari fat ya rufe komai. Sabon katakon kuwa ta ƙofar baya ya fita, ya tafi wani aikin. Mai gida ya zo ya ɗaga kai ya ce, "Madalla, aiki ya yi kyau."

Shekara biyu ta wuce, ya ma manta.

Mutumin nan yana da 'yar auta, wadda duk duniya ba abin da yake so kamarta. Tana aure da wani tela, sun haifi 'ya mace. Wata rana ta aiko masa cewa sun tashi daga inda suke, sun kama wani gida, ya zo ya gani. Ya bi kwatance har ya iso. Yana ganin ƙofar ya gane gidan hayar nan ne da ya shafa wa baƙin mai.

Aka yi masa shimfiɗa a uwar ɗaki, aka ɗora masa jikarsa a cinya. Yana mata wasa, yana cewa, "Amaryata, ke kullum sai ƙara kyau kike," amma idonsa na sama. Silin ya ɗan yi ciki a tsakiya, ga wani tabo ruwan ƙasa a gefe.

Surukinsa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, mai gidan ya ce ai kai ka yi gyaran rufin nan. Ina jin haka ban yi wata-wata ba na kama. Sai dai ga ɗan tabo can, ko za ka duba mana?"

Ya hau. Ya ga guntun katakon nan ya lanƙwashe, ƙusoshinsa sun fara fita. Bai ma taɓa babban ba, don ya san abin da yatsansa zai tarar. Ya daɗe a tsugune cikin zafin rufin, gumi na zuba.

Da ya sauko sai ya iske mutum uku suna jiransa a gindin tsani: surukinsa, da mai gidan da ya leƙo gaisuwa, da Auta riƙe da kofin ruwa.

Ya 'yan uwa, ga ƙofar tuba a buɗe. Me ake nema a wurinsa? Magana ɗaya: ku fita daga ɗakin nan yau, na cuce ku. Amma zai faɗe ta a gaban suruki? A gaban mutumin da ya sace wa katako? A gaban 'yar da ke bugun ƙirji da ubanta?

Ya karɓi ruwan ya sha ya ce, "Ɗan yoyo ne, na liƙe."

A ransa ya ce da rani zai dawo shiru-shiru da katako, ya ƙirƙiro wani dalili, ya gyara ba wanda ya ji. Wa ya yi masa alkawarin rani? Ya zaɓi mutuncinsa a kan ran 'yarsa, ya sa wa abin suna dabara.

Ba a yi mako uku ba, wata la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da iska. Auta na ɗaki tana ninke kaya, yarinya na barci a kan gado. Ta ji ƙara a sama. Ba ta nufi ƙofa ba, sai ta faɗa kan 'yarta ta rufe ta da jikinta.

An ciro yarinyar ko ƙwarzane babu. Auta kuwa katakon a bayanta ya sauka. Likitoci suka ce ba za ta sake takawa ba.

Washegari maƙwabta suka taru kwashe ɓaraguzai, tsohon kafintan nan na cikinsu. Ya ɗauki guntun katakon, waje baƙi yana sheƙi, ya matse shi da hannu ɗaya ya zama gari. Ya ɗago ya dubi almajirinsa na da. Mai gidan hayar ne ya yi magana: "Ina katakon da na saya?"

Wannan duk mai sauƙi ne. Da ya je asibiti, Auta ta bari mutane suka ragu, ta ce, "Baba, ranar da ka hau, ka gani?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juya fuskarta bango.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ina ma a nan abin yake tsayawa! Wani lokaci ruwan sai ya bar ka a bushe ya doki wanda ka fi so, a bar ka da rai da lafiya kana kallo. Mutumin nan yana nan. Ba mai kiransa aiki, tsaninsa na jingine a bayan ɗaki. Auta ba ta zage shi ba, ba ta tsine masa ba. In ya je takan gaishe shi daga kan keken guragu, "Sannu da zuwa, Baba," shi ke nan, ba ƙari. Jikar ta yi wayo, tana gudu ko'ina. Rannan ta hau cinyarsa ta ce, "Kaka, me ya sa Mama ba ta tashi?"

Ku gaya mini, wace amsa zai ba ta?

Ya 'yan uwa, ba da kafinta kaɗai nake ba. Kowannenmu yana da wani aiki a hannunsa da ba mai hawa ya duba. Ha'inci ba ya zama inda ka ajiye shi, kuma ba ka san wa zai kwana a ƙarƙashinsa ba. Wanda ya san ya shafa baƙin mai a wani wuri, ya je ya faɗa yau, tun kunya ce kaɗai za ta kama shi. Kunyar yini ɗaya ta fi wannan tambayar sauƙi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana inda ido ba ya kaiwa. Allah kada ya jarrabi 'ya'yanmu da aikin hannunmu. Allah ya kiyaye mu, amin.